Rediyon wata uku da ya haura shekara 50 yana yi wa baƙin Ostireliya magana da harsunansu

A watan Yunin 1975 gwamnatin Ostireliya ta shiga wani hali da ma'aikatan gwamnati suka sani sarai: an tsara shiri, an ware kuɗi, an sa ranar farawa, amma da yawa daga waɗanda aka yi dominsu ba su san da shi ba. Shirin shi ne Medibank, inshorar lafiya ta kowa da kowa da gwamnatin Gough Whitlam za ta ƙaddamar ranar 1 ga Yuli. Dubun-dubatar mazauna ƙasar kuwa baƙi ne da suka kwararo bayan Yaƙin Duniya na Biyu daga Italiya, Girka, Yugoslabiya, Turkiyya da Labanan, kuma Turancin da yawansu bai wuce na gaisuwa da na wurin aiki ba.

Mafitar da aka samo ita ce buɗe ƙananan tashoshin rediyo biyu, 2EA a birnin Sidni da 3EA a Melbon, na gwajin wata uku, domin a yi wa baƙin bayanin shirin da harsunansu. Al Grassby, tsohon ministan shige da fice, na cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan haka. Wannan babban sauyi ne, domin tun shekarun 1950 an taƙaita shirye-shiryen harsunan waje a tashoshin kasuwanci zuwa kashi 2.5 cikin ɗari na lokacinsu, bisa tunanin cewa baƙo ya ajiye harshensa ya saje da jama'a.

Wata uku suka cika, masu sauraro ba su yarda a rufe ba. A ranar 1 ga Janairun 1978 aka kafa hukumar SBS ta karɓi tashoshin, a 1980 ta ƙara da talabijin, sannan dokar 1991 ta tabbatar mata da 'yancin tsara shirye-shiryenta ba tare da katsalandan ɗin minista ba, duk da cewa mafi yawan kuɗinta daga baitulmali yake fitowa. Yau tana watsa shirye-shirye da harsuna fiye da 60, ta rediyo da ta intanet.

Abin lura a nan shi ne hanyar zaɓen harsunan. Bayan ƙidayar jama'a, wadda ake yi duk shekara biyar, hukumar kan sake duba jadawalinta. Ba yawan masu harshe kaɗai ake dubawa ba. Ana auna ƙarfin Turancinsu, da shekarunsu, da daɗewarsu a ƙasar, da kuma ko 'yan gudun hijira ne. Ta haka Dinka, Swahili da Tigrinya suka shiga a 2013, Rohingya da Kirundi a 2017, Oromo a 2023. Ta haka kuma aka sauke wasu harsunan Turai, irin na Denmak da Norwe da Suwidin. Kowane saukewa yakan zo da ƙorafi, domin ga tsohon da ya yi shekara 40 yana jiran shirin, muryar gida ce aka ɗauke masa.

Annobar korona ta nuna abin da ke faruwa idan saƙo ya makara. A Yulin 2020 aka kulle dogayen benaye tara na gidajen gwamnati a Melbon ba tare da sanarwa ba, da mutum kusan 3,000 a ciki, da yawansu 'yan asalin Gabashin Afirka da Biyetnam. Bayanan da aka fassara ba su isa gare su a kan lokaci ba, kuma mai binciken koke-koken jama'a ta jihar Biktoriya ta yanke daga baya cewa gaggawar kullen ta tauye haƙƙinsu. A daidai wannan lokaci SBS na wallafa bayanan cutar da harsuna fiye da 60.

Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna Ostireliya a waje aka haife su, kuma fiye da ɗaya cikin biyar ba Turanci suke yi a gida ba. Ga gwamnatin da ke mulkin irin wannan jama'a, kuɗin fassara da na lokacin rediyo wani ɓangare ne na kuɗin aiwatar da shiri, kuma tun ranar da ake tsara shirin ya kamata a sa shi cikin kasafi.