FASHIN BAƘI: Abin da ke sa irin attarugu da tattasai rikiɗewa a hannun manomi

A kasuwar 'Yankaba ta Kano, ko Mile 12 ta Legas inda motocin kayan gwari na Arewa ke sauke lodi, dillali ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya yi wa buhun attarugu kuɗi. Zai kwance bakin buhu, ya damƙo, ya duba, ya sansana. Idan kayan bai-ɗaya ne a girma da launi da ƙamshi, ciniki ya faɗa da daraja. Idan kuwa ya ga wani dunƙulalle, wani ya miƙe kamar shambo, wani ga ja amma ba ƙamshi, nan take farashi zai sauka. Sau da yawa manomin zai rantse cewa daga attarugu mai kyau ya cire irin da ya shuka, kuma ba ƙarya yake yi ba. Ƙwayar irin ce ke ɗauke da labarin da idonsa bai gani ba.

Duk dangin barkono baƙi ne a Afirka. Asalinsu nahiyar Amurka, kuma bayan 1492 ne jiragen Turawa, musamman 'yan Fotugal, suka yaɗa su a duniya. Jinsi biyar ɗan Adam ya mayar amfanin gona, uku daga ciki ne suka mamaye lambunan ƙasar Hausa. Tattasai da shambo, duk da bambancinsu a tukunya, jinsi ɗaya ne, Capsicum annuum. Attarugu shi ne Capsicum chinense, sunan da wani masanin tsirrai, Jacquin, ya laƙaba masa a 1776 bisa kuskuren zaton cewa daga ƙasar Sin ya fito. Ƙananan barkonon nan masu zafin tsiya da ake kira tsiduhu galibi Capsicum frutescens ne.

Ba a yaji ake gane su ba

Yawancin mutane da harshe suke tantance barkono, alhali yaji shi ne shaidar da ta fi rauni. Ma'aunin da Wilbur Scoville ya ƙirƙiro a 1912 yana sa dangin attarugu tsakanin 100,000 da 350,000, dangin shambo mai zafi tsakanin 30,000 da 50,000. Amma iri ɗaya kan bambanta daga gona zuwa gona: wanda ya sha ƙishirwa da zafin rana yakan fi wanda ya ƙoshi da ruwa yaji. Kuma sinadarin da ke kawo yajin, kafsaisin, a farin naman da 'ya'yan ke manne da shi yake taruwa, ba a cikin 'ya'yan ba kamar yadda ake ɗauka a madafa.

Shaidar da ba ta ruɗi tana jikin fure. Tattasai da shambo fure ɗaya suke fitarwa a kowace gaɓa, fari tas. Attarugu kan fitar da biyu ko fiye a gaɓa guda, launinsu fari mai ratsin kore, ganyensa faffaɗa mai ɗan yamutsa, sannan akwai wata 'yar tsukewa kamar an ɗaura zare a daidai inda hancinsa ya haɗu da sandar da ke riƙe da shi. Tsiduhu kuma 'ya'yansa sama suke kallo, suna saurin rabuwa da hancinsu idan sun nuna. Wanda ya san waɗannan zai gane baƙon tsiro a gonarsa tun kafin ya yi 'ya'ya, lokacin da cire shi ke da amfani.

Inda gaurayen yake faruwa

Furen barkono yana da namiji da mace a jikinsa, don haka yana iya yi wa kansa barbara. Wannan ne ya sa ake zaton irinsa ba ya gauraya. Amma ƙudan zuma da sauran ƙwari suna yawo daga fure zuwa fure da garin fure a jikinsu, kuma binciken da aka yi a wurare daban-daban ya nuna gaurayen kan tashi daga ɗan ƙalilan har ya zarce rabi, gwargwadon yawan ƙwarin da kusancin gonaki. A fadama, inda fangalin tattasai ke jingine da na shambo, na maƙwabci kuma taku goma ne tsakani, babu abin da zai hana. Tattasai da shambo suna haɗuwa cikin sauƙi tunda jinsinsu ɗaya. Attarugu da tsiduhu ma 'yan uwa ne na kusa. Tsakanin attarugu da tattasai ya fi wuya, amma yana faruwa.

Abin da ya fi rikita manoma shi ne ba a ganin alamar komai a shekarar da abin ya faru. Tsoka da fatar barkono jikin uwa ne, saboda haka tattasan da ƙudan zuma ya kawo wa garin shambo zai nuna yadda ya saba, da siffarsa da ɗanɗanonsa. Baƙon jinin yana cikin ƙwaya, sai an yafa ta an dasa a kaka mai zuwa zai bayyana. Kuma yaji yana rinjayar rashin yaji a gado: idan marar yaji ya haɗu da mai yaji, 'ya'yan farko duk za su yi yaji, a zuriya ta biyu kuma kusan uku cikin huɗu. Shi ya sa matar da ta sayi tattasai don jar miya takan tarar tukunyarta ta gagari yara.

Akwai hanya ta biyu, wadda ba ruwan ƙudan zuma a ciki. Irin kamfani mai aure, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, an samar da shi ne ta haɗa iyaye biyu daban. Shukar farko takan fito bai-ɗaya, da yabanya mai ban sha'awa. Wanda ya cire iri daga cikinta, ko daga kyakkyawan attarugun da ya gani a kasuwa bai san asalinsa ba, zai ga halayen kakanni sun watse a gonarsa, kowane tsiro da kamarsa. Ba ha'inci ba ne, haka gadon yake, sai dai ba kowane mai shagon iri ke faɗa wa mai saye ba.

Hanya ta uku ita ce mafi ban takaici, don talauci ne ke jawo ta. Tsinkar farko da ta biyu, masu girma da kyau, kasuwa suke tafiya saboda bashin taki da man inji na jira. Ragowar ƙarshen kaka, ƙanana da masu cuta, su ake shanyawa a ce iri ne. Shekara biyar ana haka, manomi da hannunsa ya zaɓi mafi rauni.

Abin da mai ajiye iri zai yi

Masu samar da iri na sana'a kan bar tazarar mita 200 zuwa 500 tsakanin nau'i biyu. Mai rabin kadada a Kadawa ko Ɗanja ba shi da wannan filin, amma yana da mafita mai arha. Tun kafin fure ya buɗe, sai ya zaɓi tsirrai masu lafiya da suka yi kama da nau'in da yake so, ya cire furannin da suka riga suka buɗe da 'ya'yan da suka ƙulla, ya lulluɓe tsiron ko reshe da yadin gidan sauro marar magani. Girgiza reshen da hantsi yana taimaka wa furen ya yi wa kansa barbara. Da 'ya'ya sun ƙulla sai a cire yadin, a ɗaura musu zare don kada su bi buhu zuwa kasuwa. Gara a tara daga tsirrai ashirin ko fiye da a dogara da guda ɗaya, komai kyansa.

Sai sun nuna sarai ake cire 'ya'yan, a shanya a inuwa mai iska, ba a kan kwano ko kwalta ba. Ƙwayar da ta bushe karyewa take yi idan an lanƙwasa ta. A zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da shekara, a ajiye a wuri mai sanyi. A haka takan kai shekara biyu zuwa uku. Kafin yafi, a nannaɗe ƙwaya ashirin a jiƙaƙƙen ƙyalle a ƙirga nawa suka tsiro, a kuma yi wa attarugu haƙuri, don yakan kai mako uku.

Inda doka ta shigo

Najeriya ta yi sabuwar dokar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa, NASC, a 2019, sannan a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Kare Nau'o'in Tsirrai, wadda aka gina bisa yarjejeniyar UPOV ta 1991. Dokar tana bai wa mai ƙirƙiro sabon nau'i haƙƙin mallaka idan nau'in sabo ne, ya bambanta da saura, ya zama bai-ɗaya, kuma ba ya sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Magoya bayanta sun ce za ta jawo jari da ingantaccen iri. Ƙungiyoyi irin su HOMEF sun soke ta da cewa ta fifita kamfanoni a kan ƙananan manoma da suka saba ajiye iri da musayarsa.

Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, irin gargajiya da ya gauraya ba shi da mai kare shi: ba ya cika sharuɗɗan rajista, kasuwa kuma tana karya masa farashi, har mai shi ya gaji ya koma sayen fakiti duk shekara. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ma'ajiyar irin tsirrai ta NACGRAB, dukansu a Ibadan, suna adana nau'o'i, amma mafi yawan attarugu da tattasan Arewa a kwalabe da ƙullin tsumma na manoma suke zaune. Rauninsu ya fito fili a Diffa ta Jamhuriyar Nijar, inda ake kiran tattasan bakin kogin Komadugu jan zinariya. Bayan dokar ta-ɓaci ta 2015, hukumomi sun taƙaita cinikinsa da nufin toshe wa Boko Haram hanyar kuɗi, dubban manoma kuma suka bar gonakinsu. Ƙwayar tattasai ba ta jure shekaru masu yawa a ɗakin zafi. Wanda ya yi kaka uku ko huɗu bai shuka ba, yakan dawo ya tarar abin da ke cikin kwalbarsa ya daina tsirowa.