Ɗalibin Injiniya da Aikin Hannu Tun Shekarar Farko

A unguwar Adjamé ta Abidjan, yaron da aka kai koyon gyaran waya a kasuwar Black Market ba ya daɗewa maigidansa zai miƙa masa matacciyar waya ya ce ya kwance ta. Zai ƙona yatsa da dalma, zai ɓatar da ƙananan kusoshi, zai sha faɗa, amma kafin shekara ta zagayo hannunsa ya faɗa. Sa'ansa kuwa, wanda suka tashi tare a Bromakoté, ya ci jarrabawar Bak ta kammala sakandare da maki mai kyau, ya samu gurbi a babbar makarantar injiniyoyi ta INP-HB da ke Yamoussoukro. Shi hanyarsa daban ce: shekara biyu na share fage, mafi yawansu lissafi da fiziya, sannan gasar shiga, sannan shekara uku na karatun injiniya. Na farkon ya san wace waya ke yawan mutuwa ta wajen caji, amma bai san dalili ba. Na biyun zai iya rubuta dalilin a allo, alhali ba lalle ne ya taɓa buɗe bayan waya ba.

Wannan tsari na fara lissafi a jinkirta aiki yana da asali. Côte d'Ivoire ta gaje shi ne daga Faransa, inda aka kafa makarantar gadoji da hanyoyi a 1747, aka kafa École Polytechnique a 1794, aka kuma ɗora darajar injiniya a kan ƙarfin lissafinsa. INP-HB kanta an samar da ita a 1996, bayan haɗe manyan makarantu huɗu na Yamoussoukro. Amurka ma ta bi wannan layi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Rahoton Grinter na 1955 ya sa jami'o'inta suka rage zaman bita suka ƙara kimiyya. Kuma ba a yi asara ba gaba ɗaya. Gadar Henri Konan Bédié da aka buɗe a 2014, ko layin jirgin ƙasa na cikin gari da ake shimfiɗawa daga Anyama zuwa Port-Bouët, ba a yin irinsu da kintace. Duk mai cewa a rage lissafi bai san abin da ke riƙe da gada ba.

Matsalar ita ce, kamfanoni suka fara kukan cewa ana kawo masu matasa masu iya warware tambayar da aka riga aka tsara, amma ba su iya tsara tambayar da kansu. Ɗalibai da yawa kuma suna sarewa tun a shekarar farko, domin ba su ga alaƙar abin da ake cusa masu da abin da ya kawo su ba. Wannan ya sa a shekarar 2000 jami'ar MIT ta haɗa kai da jami'o'i uku na Suwidin, wato Chalmers da KTH da Linköping, suka fito da tsarin da ake kira CDIO: ɗalibi ya yi tunanin abu, ya zayyana shi, ya ƙera shi, ya gwada aiki da shi, kuma ya fara ɗanɗana hakan tun farkon karatu. Kwalejin Olin ta Amurka, wadda ta karɓi ajinta na farko a 2002, tana sa sababbin ɗalibai su lura da yadda ƙwari ke tsalle, su ƙera ɗan abin da zai yi tsalle irin nasu. A nan kusa, jami'ar Ashesi da ke Berekuso a Ghana tana sa duk ɗan shekarar farko ya yi darasin zayyana da kafa sana'a, inda ake fita cikin jama'a a nemo matsala ta gaske.

Sai dai a lura, wannan ba shi ne zaman bita da aka saba ba, inda malami zai ba kowa guntun ƙarfe da zane ya ce a goge shi da magagari har ya yi daidai da awo. Wancan yana koyar da hannu, kuma yana da amfaninsa. A darasin zayyana ba a ba ka zane. Ana ba ka buƙata da iyaka: ga abin da ake so, ga kuɗin da ba za ka wuce ba, ga ranar da za a gwada. Sauran shawara taka ce da 'yan rukuninka.

Ɗauki misalin tukunyar sanyi ta marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa wanda ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tukunya ce ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi mai laima, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bin iska, yana tafiya da zafi, sai cikin ya yi sanyi. Tumatir da yalo su ƙara kwanaki. To, a ce an ba 'yan shekarar farko huɗu a unguwar Treichville ta Abidjan wannan aiki, aka ce su yi wa mai sayar da tumatir irinta, kada kayan su wuce jaka goma na sefa. Za su sayo tukwane, su zuba yashi, su saka ma'aunin zafi ɗaya ciki ɗaya waje, su riƙa rubutawa safe da rana da yamma. Nan za su ga abin mamaki: sanyin da ake ba da labari a Dutse bai zo ba, bambancin kaɗan ne. Ba su yi kuskure a haɗi ba. Iskar Abidjan ce cike da laimar teku da ta tafki, ba ta da sauran wurin ɗaukar ruwa, ita kuwa iskar Jigawa a bazara busasshiya ce ƙayau. Daga nan tambayoyi za su taso da kansu. A sa ƙaramar fanka? Wa zai biya wuta? A sauya yashi da gawayi? A ajiye ta inda iska ke kaɗawa? Ko kuwa a koma a gaya wa mai tumatir gaskiya, cewa wannan dabara ba ta garin nan ba ce, a nemo wata? Ranar da malamin fiziya ya zo kan babin tururi da laimar iska, waɗannan huɗun ba sai an tashe su daga gyangyaɗi ba.

Abidjan ba ta rasa irin waɗannan tambayoyi. Masu sayar da abincin garba, waɗanda da yawansu 'yan Nijar ne, suna wuni a kan kasko suna soya kifi cikin hayaƙi da tiririn mai. Murhun da zai rage masu gawayi ko gas aiki ne da ya dace da ɗan aji ɗaya. Akwai masu turin kura da ke fama da lodi a lungunan kasuwar Adjamé, ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, babu birki a gangare. Akwai ruwan da ya daɗe yana mamaye mahaɗar Indénié da damina. Ba a ce ɗan shekara sha tara ya magance ambaliya ba, amma zai iya haɗa ɗan ma'aunin da zai yi ƙara idan ruwan kwalbati ya kai wani tsayi. Kayan aikin ma ga su a hannun 'yan gwangwan da masu kayan gwanjo: injin fanka, batirin tsohuwar kwamfuta, wayoyi, bututu. A Lome, a 2013, Afate Gnikou na cibiyar WoeLab ya haɗa na'urar buga abubuwa masu jiki daga irin wannan tarkace. Makarantar ESATIC, wadda aka kafa a 2012 don fasahar sadarwa, a Treichville take, mota ɗaya tsakaninta da kasuwannin Adjamé.

Haɗa jami'a da masu sana'a ma an taɓa yi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ta buɗe cibiyar ba da shawara kan fasaha a 1972, daga baya ta kai bita har cikin Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera, don injiniya da mai walda su yi aiki a inuwa ɗaya. A Nijeriya kuwa an daɗe da shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, tun 1973, sai dai shi yana zuwa ne bayan ɗalibi ya yi nisa, kuma sau da yawa kallo ya fi yawa a cikinsa.

Abin ba shi da sauƙi, kada a ruɗi kowa. Aji mai ɗaruruwan ɗalibai yana buƙatar mataimaka da yawa, da wurin aiki, da tabarau da safar hannu, domin injin yanka ba ya tambayar ko kai sabo ne. Wasu malaman su kansu ba su taɓa ƙera komai ba, kuma ba kowane babba ke son ɗalibi ya ga ya ce bai sani ba. A cikin rukuni, idan ba a sa ido ba, maza za su kame kayan aiki a bar wa mace rubuta rahoto. Maganinsa a riƙa juya aiki kowane mako, a rubuta wa ya riƙe me. Sai batun maki, wanda ya fi komai rikici. In aka ce sai abin ya yi aiki za a ci, ɗalibai za su kai wa mai walda a unguwa ya haɗa masu, su biya shi, su kawo. Shi ya sa ya fi kyau a duba littafin aikin kowane ɗalibi: zanen farko, awon da ya ɗauka, abin da ya lalace, da dalilin da ya sa ya sauya shawara. Rukunin da tukunyarsu ta ƙi sanyi amma suka nuna da alƙaluma abin da ya hana, sun cancanci maki fiye da wanda ya kawo kyakkyawan akwati bai iya bayanin abin da ke ciki ba. Shi kuma mai waldar, maimakon a riƙa zuwa wurinsa a ɓoye, makaranta ta gayyato shi bita kwana ɗaya a mako, ta biya shi ladan koyarwa kamar kowane malami.