Da tsohuwar zuma ake magani: Darajar tsofaffin idanun kyamara, daga Jamus zuwa Jalingo

A shekarar 1954 kamfanin Leitz da ke garin Wetzlar a ƙasar Jamus ya fitar da kyamara mai suna Leica M3. Bayan shekara 68, a watan Janairun 2022, aka fitar da jikanyarta, M11, wadda ba ta amfani da fim, kuma farashinta ya doshi dala 9,000. Tsakanin kyamarorin biyu kusan komai ya canja, in ban da bakin da ake ɗaura ido, wato gilashin gaba da haske ke ratsawa kafin hoto ya kamu. Idon da aka ƙera tun Najeriya ba ta samu 'yancin kai ba yakan zauna daram a kan sabuwar kyamarar, ya kuma yi aiki.

Wannan batu bai tsaya ga masu sha'awar hoto kaɗai ba. Ya shafi jami'an yaɗa labarai, da hadiman da ake ɗora wa nauyin sayen kayan aiki, da masu kula da sito a ofisoshin gwamnati, tun daga Abuja har zuwa rassan da ke garuruwa irin su Jalingo. Jikin kyamarar zamani yakan tsufa cikin 'yan shekaru, amma ido mai kyau yakan haura shekara sittin yana aiki. Wanda bai san wannan bambanci ba yana iya sallamar da dukiya a farashin gwangwan.

Sirrin ma'aunin nisa

Dangin Leica M ana kiran su kyamarori masu ma'aunin nisa. Mai ɗaukar hoto ba ta cikin idon yake leƙawa ba, ta wata 'yar taga ce da ke gefe. A tsakiyar tagar zai ga abin da yake son ɗauka ya rabu biyu. Yana murɗa idon, wani tudu da ke bayansa yana tura ɗan ƙarfe mai gargare a cikin kyamarar, har surorin biyu su haɗe su zama ɗaya. Da sun haɗe, saiti ya yi. Babu lantarki a wannan aiki, ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe, shi ya sa zamani bai raba tsohon ido da sabon jiki ba.

Idanun da suka girmi M3 ma ba a bar su a baya ba. Tun farkon shekarun 1930 Leica ke yin idanu masu baki na murɗi, mai faɗin milimita 39. Tazarar da ke tsakanin wannan baki da fim milimita 28.8 ce, ta sabon bakin kuwa 27.8. Wannan rarar ta milimita ɗaya ita ce wurin da wani siririn zobe ke shiga ya haɗa su. Kamfanonin Canon da Nikon na Japan, da masana'antun Tarayyar Sobiyet, duk sun ƙera idanu masu irin wannan baki na murɗi. Lokacin da kamfanin Epson ya fitar da R-D1 a 2004, kyamarar farko mai ma'aunin nisa da ba ta buƙatar fim, Leica kuma ta biyo baya da M8 a 2006 da M9 a 2009, sai kasuwar waɗannan tsofaffin kaya ta sake farfaɗowa.

Abin da za a iya tararwa a Jalingo

Jalingo tsohuwar mazaunin sarauta ce. Tun 1893, zamanin Sarkin Muri Muhammadu Nya, garin ya kafu, amma sai a ranar 27 ga Agusta, 1991 ya zama babban birnin jiha, da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola. Wannan kwanan wata yana da muhimmanci ga mai binciken sito. Kafin lokacin, masu ɗaukar hoton jarida a duniya sun daɗe da komawa ga kyamarori masu madubi a ciki, irin su Nikon F da ta fito a 1959. Saboda haka kayan da aka saya wa ofisoshin sabuwar jiha sun fi kusa da zama na wannan dangi. Masu ma'aunin nisa an fi sa ran samun su a akwatunan gado na tsofaffin ma'aikata da shagunan hoto na dauri.

Idon kyamara mai madubi ba shi da tudun da ke tura ma'aunin nisa. Ana iya ɗaura shi da zobe na musamman, amma sai dai a yi saiti ta allon baya, abin da Leica ta fara samarwa a dangin M da samfurin da ta sanar a 2012. Irin wannan ido ya fi dacewa da kyamarori marasa madubi na Sony ko Fujifilm, waɗanda farashinsu bai kai na Leica ba. Ke nan shi ma ba abin yarwa ba ne.

Me ake nema a tsohon ido? Sababbin idanu suna fitar da hoto mai kaifi, fari ya yi fat, baƙi ya yi wuluk. Tsofaffin kuwa, saboda shafen da ke kan gilashinsu bai kai na yanzu ba, sukan sassauta wannan bambanci. A ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Muri, inda farar babbar riga da fuskar da rawani ya yi wa inuwa ke haɗuwa cikin tsananin rana, wannan sassauci yana iya taimakawa. Sai dai ma'aunin nisa ba ya wuce ido mai milimita 135, kuma ba ya saita kansa. Wanda ke son ɗaukar birai a dajin Gashaka-Gumti, ko doki cikin sukuwa, gara ya nemi wata kyamarar.

Inda ake tuntuɓe

Idanun Sobiyet, irin su Jupiter-8 da aka kwaikwayo daga Sonnar na kamfanin Zeiss, suna da araha, amma an auna su bisa tsawon milimita 52.4, alhali Leica na aiki da 51.6. Idan aka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya aka matso kusa, saiti yakan kauce kaɗan. Maganinsa a rage ƙofar, ko a kai wa gwani ya daidaita. Idanun da ake turawa ciki idan an gama aiki, kamar tsohon Elmar, wasunsu na iya taɓa kayan cikin sabuwar kyamara, don haka a bar su a miƙe. Tsofaffin idanu masu ɗaukar fili mai faɗi kuma sukan ɓata launi a gefunan hoto, domin haskensu yana sauka a karkace, abin da fim ke jurewa amma farantin lantarki ba ya so.

Yanayin Taraba ma yana da nasa haraji. Da hunturu ƙura ke sauka, kuma shafen tsohon gilashi yana da laushi, goge shi da gefen riga yakan bar zane na har abada. Sai a hure ƙurar tukuna kafin a taɓa. Da damina kuwa danshi ke haifar da funfuna a cikin gilashi, musamman a tsaunin Mambila, wajajen Gembu, inda ruwa da hazo suka fi yawa. Jakar fata a cikin kabad mai duhu ita ce gidan funfuna. Akwati mai rufi da ƙullin garin tsotse danshi ya fi aminci.

Kafin a kai ga gwanjo

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi cewa kafin hukumar tarayya ta rabu da wata kadara, sai ƙwararre ya ƙiyasta darajarta. Ga kayan hoto, ƙiyasi na gaskiya yana farawa ne da raba ido da jiki a lissafi. A rubuta sunan da lambar da ke zagaye da gilashin gaba, domin da lambar ake gano shekarar da aka ƙera idon Leica. A haska tocila ta baya a duba hazo, da zane, da funfuna. A murɗa a ji ko maikon ciki ya daskare.

Yawancin waɗannan lahani suna gyaruwa a hannun wanda ya iya. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a 2007, ya shafe shekaru yana gyaran kyamarori a shagonsa da ke unguwar Bagadadji, kantocinsa cike da su. Hausawa na cewa rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Kafin ofis ya rubuta takardar neman kuɗin sayo sabon ido da dala, ya kamata wani ya karɓi makullin sito ya fara dubawa.