Maganin da ke Haska Sankarar Nono a Ɗakin Tiyata

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa fama da tofa a gona ya san halinta. Ka tone ta, ka bar ɗan guntun saiwa a ƙasa, kafin damina ta yi nisa ta sake tsirowa. Irin wannan fama likita yake yi da sankarar nono, wadda waɗansu ke kira ciwon daji.

Idan ƙullutun ƙarami ne, ba lalle a yanke nonon duka ba. Likita yakan cire shi tare da ɗan naman da ke kewaye. Wahalar ita ce, ido da yatsa ba su iya gane daidai inda ciwon ya tsaya. Sai an kai naman ɗakin gwaji, bayan kwanaki a ce an bar saura. Ke nan a sake kiran matar, a sake sa ta barci, a sake yanka.

A watan Afrilu 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a yi aiki da wani magani mai suna Lumisight. Akan yi wa mace allurarsa ta jijiya awa 2 zuwa 6 kafin tiyata. Ba ya ba da haske sai ya gamu da waɗansu sinadarai da suka fi yawa a wurin sankara. Bayan likita ya cire ƙullutun, sai ya zura wata 'yar na'ura mai fitila da kyamara cikin ramin. Inda saura ya ɓuya, wurin yakan haskaka a allon kwamfuta, likita ya ƙara yankewa nan take.

A gwajin da aka buga sakamakonsa a 2023, cikin mata 357 da aka duba da na'urar, an cire sauran ciwo a jikin 27 wanda da an bar shi. Amma kada mu zuzuta abin. Wajen rabin sauran da ke ɓoye yakan kuɓuce mata, wani lokaci kuma lafiyayyen nama ne ke haskawa. Akwai kuma 'yan kaɗan da jikinsu ya ƙi maganin ƙwarai, har sai da aka yi musu taimakon gaggawa.

To, ina ruwanmu a ƙauye? Wannan dabara ta ƙaramin ƙullutu ce. A Nijeriya kuwa yawancin mata sukan isa asibiti bayan ciwon ya yi nisa, lokacin da maganar tsirar da nono ta riga ta wuce. Mun san dalilan: kunya, tsoron wuƙa, watanni ana shafe-shafe a gida, da rashin kuɗin mota.

Yawancin ƙullutun nono ba sankara ba ne, amma gwaji kaɗai ke rarrabewa. Macen da ta ji ƙullutu a nono ko a hammata, ko ta ga jini na fita daga kan nono, ta tafi asibiti a makon nan, kada ta jira kaka. Ƙungiyar da ke da asusun taimakon juna kuma, a taro na gaba ta ware kuɗin motar irin wannan tafiya.