Tsakanin Garwashi da Toka: Tsare Zafin Murhu Bayan Wuta ta Mutu

Bahaushe ya bambanta matakan mutuwar wuta da kalmomi daban-daban. Idan harshen wuta ya kwanta, sai a ce saura garwashi. Idan garwashin ya rugurguje ya gauraya da toka mai zafi, shi ne rushi. In ya huce sarai kuwa, ya zama toka, wadda Sakkwatawa ke kira habɗi. Wannan maƙala za ta duba abin da ke aukuwa tsakanin matakin farko da na ƙarshe, watau lokacin da zafin da aka sayi itace dominsa yake salwanta a banza.

Zafi kan bar murhu ta hanyoyi 3. Ta farko, iska mai sanyi kan ratsa tsakanin duwatsun murhu, ta kwashi zafin ta yi sama da shi. Ta biyu, garwashi kan watsa hucinsa ta kowane gefe. Ta uku, zafin kan bi jikin tukunya da ƙasa ya zurare.

Kafin ashana ta yawaita, mata kan binne garwashi da toka da dare, da asuba su tona su hura. Hikimar ita ce, toka cike take da ƙananan gurabu masu riƙe iska, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta saurin miƙa zafi. Haka kuma tokar tana rage iskar da ke isa ga garwashin, sai ya riƙa ci a hankali.

Murhun da aka kewaye da ginin yumɓu ya fi na duwatsu riƙe ɗumi, musamman in an toshe bakinsa da kasko, domin yumɓu a hankali yake ɗaukar zafi, a hankali kuma yake sakinsa, saɓanin ƙarfe. Tukunya ma, in an rufe ta tana tafasa, aka sauke ta cikin kwando aka lulluɓe da tsummoki ko ƙaiƙayi, abincin zai ƙarasa nuna ba tare da ƙarin itace ba.

Sai dai akwai hattara. Garwashin da aka rage wa iska yana fitar da iskar guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari, tana kuwa kisa cikin barci. Saboda haka, komai tsananin hunturu, kada a kwana da rushi a ɗakin da aka rufe ruf.