Katin Shekara Guda: Yadda Ɗan Wasan Golf Ke Hawa Daga Ƙaramin Rukuni Zuwa Babba

Mu nan Agontinkon da sauran unguwannin Zango a Kwatano, idan ana hirar wasanni bayan an rufe shaguna, ba ta wuce ƙwallon ƙafa da kokawa. Golf kuwa, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, da zarar ya bayyana a akwatin talabijin sai a ce a sauya tasha, wai wasan masu kuɗi ne. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. A bayan taurarin da ake nunawa akwai ɗaruruwan 'yan wasa da rayuwarsu ta fi kama da ta ɗan kasuwar da ke tsallaka iyakar Seme da ɗan jarinsa, bai san ko zai dawo da riba ko da bashi ba.

Ɗan wasan golf ba shi da kulob mai biyansa albashi. Shi zai sayi tikitin jirgi, ya biya masauki, ya sallami mai ɗaukar masa jakar sanduna. Gasa kwana huɗu ce, amma bayan kwana biyu ana tankaɗe, a bar kimanin mutum 65 da suka fi ƙoƙari. Sauran, a mafi yawan gasanni, sai su kama hanyar gida ba ko sisi.

To ina ake zuwa da wannan wahala? Neman kati ake yi. Kati shi ne izinin buga wasa na shekara guda a babban rukuni, wato PGA Tour na Amurka ko DP World Tour na Turai. Ƙarƙashin na Amurka akwai ƙaramin rukuni da aka kafa a 1990, wanda tun 2019 ake kira Korn Ferry Tour. Kowace gasa ana ba da maki gwargwadon matsayin da mutum ya ƙare, ana tarawa tun daga Janairu har Oktoba, kamar dai littafin ciniki da maigida ke buɗewa a ƙarshen shekara. A 2023 da 2024 mutum 30 na sama ne suka samu kati. A 2025 aka rage su zuwa 20. Na 21, ko da bugu ɗaya tak ya raba shi da na 20, sai ya sake wata shekarar a ƙasa.

Bambancin kuwa ba kaɗan ba ne. A 2024 wanda ya ci gasa ta yau da kullum a ƙaramin rukunin yana samun dala 180,000, kimanin sefa miliyan ɗari ke nan. Kada mai karatu ya ruɗu da wannan adadi, domin mutum ɗaya ne ke ɗaukarsa cikin fiye da ɗari da suka fito. A babban rukuni akwai gasannin da ake raba dala miliyan 20, zakara ya tafi da miliyan uku da rabi ko fiye.

Akwai gajeriyar hanya ga wanda hannunsa ya yi zafi: duk wanda ya ci gasa uku a kaka ɗaya, nan take ake ɗaga shi, ba sai ya jira ƙarshen shekara ba. Brooks Koepka, Ba'amurke ne, amma sai ya tafi ci-rani ƙaramin rukunin Turai, Challenge Tour, ya ci uku a 2013, aka ɗaga shi. Daga baya ya ci manyan kofunan duniya har biyar. Scottie Scheffler kuma ta hanyar maki ya hau a 2019, zuwa watan Maris na 2022 ya zama na ɗaya a duniya. Wanda duk waɗannan suka kuɓuce masa, saura jarrabawar ƙarshen shekara, wadda ta Turai matakinta na ƙarshe zagaye shida ne, ramuka 108, a ƙasar Sifen. Kuma samun kati ba shi ne hutu ba. A Amurka da can mutum 125 na sama ke riƙe cikakken katinsu, daga kakar 2025 aka mayar da su 100.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan zance shi ne, akwai lokacin da ƙafar wannan tsani take kafe a nan maƙwabtanmu, tafiyar 'yan sa'o'i daga Kwatano. A shekarun 1970 da 1980, idan sanyi ya rufe filayen Turai, ƙwararru kan gangaro Afirka su yi zagayen da ake kira Safari, su buga a Nijeriya, Kwaddibuwa, Kenya da Zambiya. Gasar Nijeriya a filin Ikoyi na Legas ake yin ta, inda a lokacin bakin rami ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cuɗa da mai aka daddaɓe. A nan Sandy Lyle na Sikotilan ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978.

Amma labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na Vijay Singh, mutumin tsibirin Fiji. Ya yi zaman koyar da golf a wani lungu na Borneo, ba wanda ya san da shi, ya tara ɗan guzirinsa ya zo Afirka. Ya ci gasar Nijeriya a 1988. A ƙarshen wannan shekarar ya ci jarrabawar Turai ya samu kati, a 1989 ya sake cin ta Nijeriya, ya haɗa da ta Kwaddibuwa. A 1993 ya shiga rukunin Amurka. A watan Satumba na 2004 ya sauke Tiger Woods daga matsayin na ɗaya a duniya, kuma a wannan shekarar ya ci gasa tara, ya tara sama da dala miliyan goma. Mutumin da ya fara gyara jarinsa a kan yashin Ikoyi ke nan.

Daga 1990 zuwa 1993 gasar Nijeriya tana cikin jadawalin Challenge Tour, ma'ana kuɗin da aka ci a Legas yana shiga lissafin katin Turai kai tsaye. Bayan nan sai ta fita. Kenya ta riƙe tata, har a 2019 aka ɗaga ta zuwa babban rukuni. Yawancin gasannin ƙaramin rukunin da ake bugawa a nahiyarmu a 'yan shekarun nan kuwa a Afirka ta Kudu suke.

Ba don babu 'yan wasa ba ne. Filayen Kano da Kaduna da Rayfield na Jos tun zamanin Turawa suke, kuma da yawa daga ƙwararrun Nijeriya da ɗaukar jaka suka fara, suna kallon masu gida har hannunsu ya faɗa. Sai dai yaron da ya ƙware a Kano yau, kafin ya ci maki ɗaya da zai shiga wancan littafi, sai ya nemi biza da tikitin Johannesburg ko Turai, da kuɗin rajistar jarrabawa, da wani attajiri da zai yarda ya zuba masa jari na shekara guda, alhali ya san yaron na iya dawowa gida ranar Juma'a hannu rabbana.