Gyaran gitar lantarki: abin da ya kamata matashin makaɗi ya taɓa kafin ya kashe kuɗi

Tun bayan da Bombino ya zama mawaƙin Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy da faifansa Deran na 2018, kuma Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya zagaya duniya da Afrique Victime a 2021, sha'awar gitar lantarki ta ƙaru a tsakanin samari daga Agadas har Yamai. Sai dai gitar da ke zuwa hannun mai koyo yawanci gwanjo ce ko kuma mai arha, wadda ta kwaikwayi siffar Stratocaster ta kamfanin Fender. Ana jona ta da ampili a wurin biki, sai gurnani ya cika fili tun kafin a taɓa tsirkiya.

Gurnanin yana fitowa ne daga abin da makaɗa ke kira mikro, wato ƴan sandunan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Ba iska yake saurare ba kamar abin magana na mawaƙi. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi kusan dubu 8 a mikro irin na Stratocaster. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ta haifar da ƴar wuta a cikin naɗin, ampili ya ƙara mata ƙarfi. Matsalar ita ce naɗin ba ya tantancewa: yana kwaso har da bugun wutar gida, wadda a Nijar ke juyawa sau 50 a daƙiƙa. Kusa da taransifoma ko injin wuta, abin ya fi muni.

Injiniyan kamfanin Gibson, Seth Lover, ya samo magani a 1955. Ya haɗa naɗi biyu, ɗaya na juyawa saɓanin ɗaya, maganaɗisunsu ma na fuskantar saɓani. Gurnanin da ya shiga na farko sai na biyu ya soke shi, muryar tsirkiya kuwa ta ƙaru. Wannan shi ne humbucker, wanda ya hau gitar Les Paul a 1957.

To, a nan ne matasa da dama ke yin asara. Sai mutum ya roƙi ɗan'uwansa da ke Faransa ko Amurka ya aiko masa da humbucker, a faɗaɗa ramin gitar a saka, gurnani ya tafi, amma kaifin sautin ma ya bi shi. Humbucker murya ce mai kauri, ta dace da kiɗan rok mai nauyi, shi ya sa Eddie Van Halen ya cusa na Gibson a jikin gita irin Stratocaster. Kiɗan hamada kuwa na son murya siririya mai tsini, wadda kowane ɗan yatsa ke fita daban ko da makaɗi na gudu. Itacen da aka sassaƙe kuma ba ya komawa. Ga wani abu da ake mantawa: maɓallin ƙara sauti na mikro mai naɗi ɗaya yawanci 250k ne, na humbucker 500k. Wanda ya sauya mikro ya bar tsohon maɓalli zai ji sautin ya dushe kamar an rufe ampili da bargo.

Alhali akwai gyare-gyaren da sukudireba kawai suke buƙata. Na farko tsayin mikro. Idan ya matso tsirkiya da yawa, maganaɗisu na jan ta, sauti ya riƙa rawa ya mutu da wuri. Idan ya yi ƙasa sosai, murya ta raunana. A danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan gita, a bar tazarar milimita 2 zuwa 3, daga nan kunne ya yi hukunci. Na biyu makunnin zaɓen mikro mai matsayi biyar, wanda Fender ya fara sakawa a 1977. A gitoci da yawa na yanzu an naɗe mikro na tsakiya a juye, don haka matsayi na 2 da na 4 suna kashe gurnani da kansu, ba tare da an sayi komai ba.

Yanayi ma na da nasa hannu. Ƙurar hunturu na shiga maɓallai su riƙa ƙarar yagewa, maganinsu ruwan fesawa na wanke kayan lantarki. Bushewar iska na tsuke itacen wuya har bakin ƙarafan gaɓoɓi su fito suna yankan hannu. Jaki kuwa, idan ba a daidaita tsawon kowace tsirkiya a kansa ba, gita za ta yi daidai a sama ta yi ƙarya a ƙasa, kuma babu mikro mai tsadar da zai rufe wannan. Shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramin wayoyi na rage tsitsiniyar fitilu, ko da yake ba ta kawar da gurnanin gaba ɗaya.

Waya guda ce ba a wasa da ita: wadda ta haɗa jaki da layin ƙasa. Ita ce dalilin da ƙara ke raguwa idan makaɗi ya ɗora hannu a tsirkiya, wato jikinsa ya shiga layin. Muddin ampili na da lahani kuma ba a haɗa shi da ƙasa ba, kamar yadda ake yawan yi a wuraren biki da ake jan wuta da waya mai baki biyu, wutar za ta iya bi ta tsirkiya ta shiga mutum. Haka Keith Relf, mawaƙin ƙungiyar Yardbirds ta Ingila, ya rasu a gidansa a 1976 yana kaɗa gita. Duk wanda ya taɓa jin tsirkiya ko abin magana ya ɗan cije shi a leɓe ko a yatsa, ampilinsa ne ke buƙatar mai gyara kafin biki na gaba.